Amanar da Na Bai wa Koci a Bakin Mota

Wani tsoho majiyyaci ne ya fara gaya mini. Ina aikin safe a asibitin da nake nas a arewa maso yammacin Washington, na shiga ɗakinsa in auna masa hawan jini, na tarar ya ƙure talabijin yana kallon labarin wasanni. Ya san ɗana yana buga wa jami'arsu ƙwallon kwando, domin abokan aikina ba sa iya riƙe bakinsu. Ya nuna mini allon da hannun da aka ɗaura wa ƙarin ruwa, ya ce ga kocin yaronki nan, wata ƙungiyar ƙwararru tana nemansa. Da murna ya faɗa, wai abin alfahari ne. Na ɗaga kai na ga mutumin, da sanƙonsa, da usur rataye a wuya. Sau uku na auna jinin tsohon nan ban riƙe lamba ko ɗaya ba, har ya tambaye ni ko na'urar ce ta lalace.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalilin wannan ruɗewa tawa. Yaron ɗan farina ne. A Zariya na haife shi, muka zo ƙasar nan yana da shekara shida, muka zauna a garin Upper Marlboro, kusa da Washington. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka mahaifiyata ta yi wa yayana, haka na yi wa nawa, kuma hawa jirgi bai sauya ni ba. "Kai" nake ce masa, ko "wannan yaron". Ƙannensa da aka haifa a nan suna yi mini dariya, wai Umma ta manta sunan yayansu. Ko takardun makarantarsa babansa ne yake cikewa, nawa in sa hannu a ƙasa.

Yana da rabin sikila, abin da ake kira AS. Da kaina na kai shi gwaji, domin ƙanina mai cikakkiyar sikila a hannuna ya cika yana ɗan shekara goma sha bakwai. Kowa zai ce maka rabin sikila ba ciwo ba ne, kuma galibi gaskiya ne, mutum ya rayu har ya tsufa bai ma san yana da shi ba. Amma ni na yi aiki a sashen gaggawa. Na taɓa karɓar wani saurayi ɗan wasa da aka kawo daga filin atisaye ana tsakar zafi, ƙato, majiyi ƙarfi. An sa su gudu ba hutu, ƙafafunsa suka saki ya durƙushe, masu horar da su suka ɗauka raki ne, suka yi ta daka masa tsawa ya tashi. Kafin a farga naman jikinsa ya fara narkewa cikin jini, ƙodarsa ta tsaya. Rabin sikila kawai gare shi. Ni na miƙa wa uwarsa takalmansa a cikin leda.

Da jami'ar ta ba yaron nan gurbin karatu kyauta saboda ƙwallo, an aiko da fom ɗin lafiya. A wancan lokacin ba a tilasta gwajin jini ba, tambaya ce kawai a takarda. Babansa, wanda injiniya ne kuma ba ya son a ja magana, ya riƙe biro a kan layin tambayar sikila ya daɗe, sannan ya zaɓi a'a. Ya ce in aka rubuta, ko su janye gurbin, ko su ajiye shi a benci har ya gama. Ya ce kuma abin da ya shiga takarda ya shiga kunnen jama'a, mu Hausawan yankin nan kuwa guda nawa ne? Gobe yaro ya je neman aure a fara ƙus-ƙus a kan jininsa. Ina tsaye a kansa yana wannan bayani. Ni ce nas, ni ce na san gaskiyar abin, kuma na karɓi biron na sa hannu. Shi ma yaron aka ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa.

Bayan sati biyu kocin ya zo gidanmu, kamar yadda suke zuwa ganin iyayen yaran da suka ɗauka. Dogo ne na ban mamaki, sai da ya sunkuya ya shigo falo, da ya zauna kuwa gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Na yi masa tuwon shinkafa miyar taushe. Da cokali ya ci, yaji ya sa shi gumi sharkaf har sanƙon yana ƙyalli, amma bai bar komai a kwanon ba. Na lura da wani abu: duk tambayar da zai yi wa yaron, sai ya jira amsar har ƙarshe. Da ya tashi tafiya na zuba masa sauran miyar a roba, na ce ni zan kai masa mota. Babansa ya bi ni da kallo.

A bakin motar nan na gaya masa komai. Na ce masa a wurinmu akwai abin da ake kira amana, ka ɗauki abin da ya fi maka komai ka danƙa a hannun mutum, ba takarda, ba shaida sai Allah. Na ce ga amanar yaron nan na ba shi, kuma kada kowa ya ji, ko likitar ƙungiya. Fuskarsa ta sauya. Ya ce wannan ba daidai ba ne, likita ya kamata ta sani. Na ce in ta sani zai shiga takarda, in ya shiga takarda gidana ba zai zauna lafiya ba. Ya tsaya riƙe da robar miya yana kallon ƙasa. Can ya ce ya karɓa, na shekara ɗaya, kafin nan in shawo kan maigidana. Na ce to, alhali na san ba zan yi ba.

Shekara biyu ya riƙe. In an zo gudun nan na ƙarshen atisaye, wanda ake kai da komowa daga layi zuwa layi har sai numfashi ya ƙare, sai ya busa usur ya ce yaron ya je ya yi ta jefa ƙwallo a raga, wai hannunsa bai gama zama ba. Ruwa kuwa sai ya sha a gabansa. Akwai wasan da suka je wani gari na kan duwatsu inda iska ba ta da kauri, ya zaunar da shi a benci tun daga farko har ƙarshe, 'yan jarida suka yi ta surutu bai kula su ba. Abokan wasansa suka sa masa suna ɗan gatan koci, abin yana ƙona masa rai. Duk farkon shekara sai kocin ya kira ni ya tambaya ko mun shirya a gaya wa likita, ni kuma in ce ana nan ana shawara. Na samu wanda zai ɗaukar mini tsorona, na sauke masa, na koma ina barci lafiya.

To wannan mutumin ne aka ce zai tafi. Aka ce ƙungiyar ƙwararrun ta ba shi kwana goma ya yanke shawara.

Ni da ban taɓa sanin tashar wasanni a rediyo ba, sai ga ni ina kunna ta tun daga ƙofar gida har tashar jirgin ƙasa na Metro inda nake ajiye mota. Maza biyu suna ta zuba kamar sun haɗiyi rediyon, kowa ya fi kowa sani. Duk sun yarda zai tafi, wai mahaukaci ne kaɗai zai ƙi. Har sun fara lissafa masu gadonsa. Wanda suka fi ambata wani ne da suke yabo saboda tsanani, wai a wurinsa ana ajiye bokitai a gefen fili don masu amai, kuma wanda ya durƙusa a gudu sai kowa ya sake daga farko. Suna faɗa suna dariya. Na tsayar da mota a gefen hanya, na riƙe sitiyari. Abin da nake gani kawai shi ne yaron nan a durƙushe, wani baƙo a kansa yana ce masa tashi, shi kuma da zuciyarsa irin ta babansa yana ƙoƙarin tashin.

Na kira yaron a waya ranar da yamma. Ina da magana cike da baki, amma ban saba ba. Shekara ashirin ban taɓa ce masa ina jin tsoro a kanka ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na tambaye shi ko ya ci abinci. Na tambaye shi ko yana shan ruwa. Ya amsa da Turanci kamar kullum, ya ce Umma ina sha. Na tambaye shi labarin koci, ya ce su ma ba su san komai ba, mutumin yana zuwa atisaye kamar ba abin da ke faruwa. Sai ya ƙara da cewa in ma sabon koci ya zo, wataƙila shi ne zai bar shi ya yi gudu kamar kowa a daina kiransa ɗan gata. Na ce masa Allah ya yi albarka, na ajiye wayar.

Da babansa kuwa faɗa muka yi, irin wanda ake yi ƙasa-ƙasa a kicin don kada yara su ji. Na ce mu je mu gyara takardar nan. Ya ce yanzu kuma, bayan shekara biyu, mu je mu ce mun yi ƙarya? Ya ce ina so a kori yaro ana saura shekara biyu ya gama? Ya ce Allah ne mai tsarewa. Na ce Allah ne, amma shi ya ba ni ilimin da na sani, kuma ni zai tambaya. Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Ba mugu ba ne. Daga baya na gane shi ma tsoron yake ji, nasa dai ta wata ƙofa yake fita.

Ranar Asabar aka yi suna a garin Clinton da ke kusa da mu, na je don kada a ce ban je ba. Ana rabon waina maganar kocin ta tashi, domin yaron nan shi kaɗai ne namu da ake nunawa a talabijin, kowa yana ji da shi. Mata suka yi ta tsiya, wai wa zai ga irin wannan dama ya tsaya koya wa 'ya'yan mutane jifa. Wata hajiya da ta daɗe tana yi mini maganar 'yarta a fakaice ta matso ta dafa ni, ta ce ai ɗanmu ƙarfe ne, kowane koci ya zo zai so shi. Na yi murmushi na ce haka ne. Ga shi dai saboda irin wannan hajiyar muka rufe bakinmu, ga ta a gabana tana yaba lafiyarsa. Na ajiye wainar, na ce kaina ke ciwo na tafi gida.

Na kai har ina duba wayata a ɗakin magani, abin da nake yi wa ƙananan nas-nas faɗa a kai. Duk motar asibitin da ta shigo da jiniya sai na leƙa in ga ko dogo ne a kan gadon. A rana ta takwas na ga ba zan iya ba. Na yi dambun nama, na zuba a kwano mai murfi, na tashi daga aiki da azahar, na hau Metro, na sauka na hau bas zuwa jami'ar. A hanya ina ta shirya maganar da zan yi. Niyyata in roƙi kocin ya zauna, ko da durƙuso ne. Na san rashin kunya ne mace ta je ta ce wa mutum ya bar arzikinsa saboda ɗanta, amma tsoro ya riga ya cinye kunyar.

Ofishinsa yana saman ɗakin wasan, ta taga ana hango fili. Ina hawa bene ina jin ƙarar takalma a kan katako da dukan ƙwallo. Da na tura ƙofa abin da na fara gani kwalaye ne guda uku a ƙasa, ɗaya a buɗe da hotuna a ciki, bangon kuma duk tabon inda aka cire su. Na ce shi ke nan, na makara.

Ya miƙe ya gaishe ni, ya ja mini kujera. Na ajiye kwanon a kan tebur, na buɗe baki, duk abin da na shirya ya gudu. Shi ya taimake ni. Ya ce ya san abin da ya kawo ni. Ya nuna kwalayen ya ce shekaranjiya ya haɗa su, yau da safe ya fara kwancewa, gobe zai sanar cewa yana nan.

Ban san lokacin da na kifa kai a kan teburin ba. Na yi ta hamdala da Hausa, shi ko yana zaune yana jira. Da na ɗago na fara yi masa godiya, sai ya ɗaga hannu. Ya ce kada in gode masa a kan abin da bai yi ba. Ba don ɗana kaɗai ya zauna ba. Mahaifiyarsa tana gidan kula da tsofaffi nan kusa, ba ta gane kowa sai shi. Matarsa ba ta son ƙaura. Kuma can wurin ƙwararru, in ji shi, manyan mutane ne da suka riga suka zama abin da za su zama, shi kuwa ya fi son yaro ya zo masa ɗanye ya ga yadda zai ƙare. Amma ya ce in sani, kwana uku amsarsa ita ce zai tafi.

"A kwana ukun nan," ya ce, "ba abin da ya hana ni sukuni irin yaronki. Na yi ta tunanin wa zan gaya wa. In na faɗa na karya miki alkawari, in na yi shiru na bar shi a hannun wanda bai sani ba. Kin ɗaure mini baki, Madam. Shekara biyu ina ƙirga numfashinsa ni kaɗai."

Na ce ai yanzu tunda yana nan, komai ya wuce.

"Yau ina nan," ya ce. "In mota ta buge ni gobe fa? In zazzaɓi ya kwantar da ni, mataimakina ya ja atisaye? Bai san komai ba. Ofishin likita yana ƙarshen barandar nan. Ko mu tafi tare yanzu, ko in tafi ni kaɗai."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na zo da dambun nama in yi roƙo, ga shi ana yi mini faɗa kamar yarinya. Na ce maigidana bai sani ba. Na ce za a kore shi. Ya ce ba wanda zai kore shi muddin yana kan kujerar nan, kuma shi ma zai amsa nasa laifin na yin shiru. Na dubi taga. Can ƙasa mataimakin nasa ya jera su a kan layi, ya ɗaga usur zai busa, yaron nan yana cikinsu, ya sunkuya ya dafa gwiwa yana jiran a ce su tashi. Koci yana sama tare da ni. Ba kowa a filin nan da ya san abin da ke cikin jininsa sai shi kansa, shi kuwa na san ba zai tsaya ba. A wannan lokacin na ga abin da na yi shekara biyu ina ƙin gani.

Kocin ya buga gilashin tagar da ƙarfi, ya yi alama a turo masa yaron. Ya hawo yana haki, rigarsa jiƙe. Da ya gan ni ya yi turus, domin ban taɓa taka wurin nan ba, ko wasansa a talabijin nake kallo, shi ma daga ƙofar kicin. Ya rusuna ya gaishe ni. Kocin ya gaya masa inda za mu, ya ce shi ba yaro ba ne yanzu, sai da yardarsa. Na zaci zai yi gardama. Sai ya dube ni, ya ce da Hausarsa mai tsami, wadda ya daɗe bai yi mini ba:

"Umma, ni tuntuni nake so a faɗa. Ke nake jira."

Muka bi barandar mu uku, ni a tsakiya, su biyu sun yi mini rumfa. Ban kira babansa ba. Na ce a raina wannan faɗan na gida ne, zan yi shi in na koma, kuma na yi shi, ya ɗauke mu wata guda kafin ya huce.

Likitar wata mace ce ƙarama mai tabarau. Kocin ya ce mata mun zo gyara wata takarda. Ta jawo sabon fom ta ɗauki biro, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce cikakken sunan ɗan wasan. Yaron ya buɗe baki zai amsa, kamar yadda ya saba amsa wa kansa a ko'ina in muna tare. Na riga shi. Na faɗi sunan, gaba ɗayansa, sunan mahaifina da aka sa masa ranar suna a Zariya, wanda bai taɓa ji daga bakina ba. Muryata ta yi rawa har likitar ta ce in maimaita, na maimaita.

Na ji ya juyo yana kallona. Ban iya dubansa ba. Na sa ido a kan takardar, na ce mata akwai layi na bakwai, wanda aka amsa da a'a a tsohon fom, shi muka zo gyarawa.